Bugu Ba Hujja Ba Ne: Tarken Aikin Erasmus

'Yan'uwa ɗalibai, sau da yawa mukan ɗauka duk abin da ya fito daga maɗaba'a ya inganta. Ina so in gwada wannan zato da Sabon Alkawari na Girkanci wanda Erasmus ya fitar a Basel a 1516.

Tun 1514 malaman Alkala ta ƙasar Sifen suka buga nasu, amma bai shiga hannun jama'a ba sai wajen 1522. Saboda haka na Erasmus ya riga shi kasuwa, bayan aikin ɗab'i na wata biyar kawai. Kwafe-kwafen rubutun hannu da ya dogara da su ba su kai goma ba, yawancinsu na ƙarni na 12 ne. Na Wahayin Yahaya kuwa ɗaya tak ya samu, shi ma ba shi da ayoyi shida na ƙarshe. Sai ya ɗauko fassarar Latin ya mayar da ayoyin Girkanci da kansa. Ta haka ne a aya ta 19 "littafi" ya maye gurbin "itace", domin kalmomin biyu sun yi kama a Latin.

To, laifin wa? A ganina na Erasmus kaɗan ne, don ya faɗa a sharhinsa cewa ya yi ciko daga Latin. Inda na fi ganin rauninsa shi ne bugu na uku, na 1522. Da suka ta yi masa yawa, sai ya shigar da wani ƙari a Wasiƙar Yahaya ta Fari, 5:7-8, bisa kwafi guda na zamaninsa, alhali yana shakkarsa.

Babban laifi na magadansa ne. Stephanus a 1550 da gidan Elzevir a 1633 sun maimaita matanin da ɗan gyara, har gabatarwar bugun 1633 ta ce kowa ya karɓe shi. Tallar 'yan kasuwa ta zama fatawa, ba a kuwa kauce mata ba sai da Lachmann ya koma ga tsofaffin kwafe-kwafe a 1831.

Mu da ke juya waƙoƙin ajami zuwa boko, wannan ya shafe mu. Duk mai ciko ya nuna inda ya cike, ya faɗi kwafi nawa ya gwama, kada na baya su gaji hasashensa a matsayin maganar mawallafi.