Koshu: Tsohon Inabi, Sabuwar Giya

A kwarin Kofu da ke lardin Yamanashi, yamma da Tokyo, rumfa ake kafa wa inabi, kimanin tsayin mutum, ya yaɗu a kai 'ya'yansa na reto. Kafin ruwa ya kankama, manoma kan bi nonon inabin ɗaya bayan ɗaya suna ɗora masa 'yar malafar takarda. Dalili shi ne danshi. Japan na shan ruwa a watannin Yuni da Yuli, ga guguwar teku wajen Satumba, kuma ba abin da ke ruɓar da inabi kamar jiƙa. Irin da ya jure wannan hali shi ne Koshu, mai kaurin ɓawo, launinsa ruwan hoda mai sirkin shunayya, ko da yake giyar da ake matsewa daga gare shi fara ce.

Mutanen Katsunuma, wani gari a wannan kwari, na da labari biyu kan asalinsa. Wasu sun ce wani malamin addinin Buddha mai suna Gyoki ne ya fara shuka shi a 718 a wurin ibadar Daizenji; wasu kuma sun ce Amemiya Kageyu ne ya tsince shi a jeji a 1186. Duka biyun hikaya ce. Binciken ƙwayoyin gado na 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na jininsa irin inabin Turai da yammacin Asiya ne, sauran kuma na inabin jejin Sin, wato ya biyo hanyar fatake ne yana gauraya a kan hanya.

To, a nan ne masu talla ke ɗan yi wa mutane wayo. Inabin tsoho ne, amma na ci ne a faranti. Sai a 1877 wani kamfani a Katsunuma ya tura samari biyu, Takano da Tsuchiya, Faransa su koyo matsa. Abin da aka daɗe ana yi bayan nan giya ce mai zaƙi ko mai araha, wadda manoma ke zubawa a kwalaben lita 1.8 su sha a kofin shayi. Koshu da duniya ke yabo yau ya fara ne a 1983, lokacin da kamfanin Mercian ya aro dabarar barin giya ta kwana watanni a kan laka-lakan yis ɗinta don ta yi jiki, ya kuma bar maƙwabta suka koya. Daga baya Tominaga Takatoshi na Jami'ar Bodo a Faransa ya gano cewa inabin na ɗauke da sinadarin ƙamshin lemo, wanda maganin feshi mai jan ƙarfe ke kashewa. Aka sauya lokacin feshi da na girbi, ƙamshin ya fito. A 2010 hukumar inabi ta duniya ta yi wa sunan rajista, a 2014 kuma wata Koshu ta gidan Grace ta ci lambar zinariya a gasar Decanter a Landan.

Batun abinci shi ne inda hujjar masu yabon Koshu ta fi ƙarfi. Koshu ba shi da yawan sukari, don haka giyar ba ta da nauyi, ƙamshinta kaɗan, da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshe. Bafaranshe zai iya cewa lami ce. Amma girkin Japan ba na yaji da maiƙo ba ne: ɗanyen kifi yankakke, sushi, tempura, romon dashi, ɗigon lemon yuzu. Abin sha mai ƙarfin hali zai danne su gaba ɗaya. Akwai kuma ƙarni. Masu binciken Mercian sun nuna a 2009 cewa sinadarin ƙarfe da ke cikin giya ne ke tayar da ƙarnin kifi a baki, Koshu kuwa an san shi da ƙarancin wannan sinadari. Sai dai a lura, waɗanda suka yi binciken su ne masu sayar da kayan.

A Yamanashi kanta, wadda ba ta taɓa teku ko ta kusurwa ɗaya, abin da aka saba ajiyewa kusa da kwalbar ba ɗanyen kifi ba ne kawai. Akwai kuma wani abinci mai suna hoto, taliya mai faɗi da ake dafawa da kabewa a romon miso, abincin manomi a lokacin sanyi.