Bagwari a Bakin Bahaushe: Tsokaci Kan Wani Giɓi a Adabinmu

Manazarta sun sha faɗa cewa adabi madubi ne da al'umma ke kallon kanta a ciki. Abin da ba a cika kulawa da shi ba shi ne, a gefen wannan madubi akan hango fuskar maƙwabci, kuma yadda aka zana shi yakan tona halin mai zanen. Wannan maƙala za ta dubi maƙwabci guda ɗaya, wato Bagwari, wanda yake kiran kansa Gbagyi, da irin matsayin da adabin Hausa na baka da rubutacce ya ba shi. An zaɓi Kubwa a matsayin wurin tsayawa domin a nan ne giɓin ya fi fitowa fili.

Mu fara da kalmar gwaranci. Idan jariri ya soma haɗa baƙaƙe, sai a ce ya fara gwaranci. Idan babba ya yi magana marar kan gado, ita ma gwaranci ce. Ke nan an ɗauki sunan harshen wata al'umma sukutum an mayar da shi sunan maganar da ba ta nuna ba. A labaran raha da wasannin kwaikwayo kuwa, aikin Bagwari ɗaya ne: ya shigo dandali ya mayar da namiji mace, mace namiji, a yi dariya, ya fita. Mai nazarin harshe ya san dalilin wannan tuntuɓe. Harshen Gbagyi ɗan uwan Nufanci ne, kuma ba ya raba sunaye zuwa jinsin namiji da na tamata kamar yadda Hausa ke yi, don haka mai koyo dole ya yi ta karo da "ya" da "ta". Amma ga abin lura. Hausa ba ta da sautin "gb", shi ya sa Bahaushe ya kasa furta Gbari ko Gbagyi, ya lanƙwasa shi ya koma Gwari. Ashe sunan da muke yi masa dariya da shi, namu gwarancin ne.

Ba a cewa raha laifi ce. Barkwanci tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarabawa, ya daɗe yana kashe wutar gaba. Sai dai ƙa'idar wannan wasa ita ce kowa yana da bakin ramawa. A labaran da muka gada, Bagwari ba ya ramawa.

A fagen rubutu, littafin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne tarihin Abuja da Alhaji Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta da Hausa, wanda Frank Heath ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Ibadan a 1952 da sunan A Chronicle of Abuja. Abujar da ake nufi a nan ita ce tsohuwar, wadda yanzu ake kira Suleja. Littafin ya bi sawun sarakunan Haɓe na Zazzau tun daga Makau, wanda jihadi ya fitar da shi daga Zariya, zuwa ɗan'uwansa Abu Ja da ya kafa garin a 1828, har zuwa waɗanda suka biyo baya. Aiki ne mai daraja ƙwarai, kuma marubutan sun sake yin wani littafi a kan Gwari da Gade da Koro, abin da kaɗan daga cikin tsararsu suka damu da yi. Duk da haka, mai karatu ya kamata ya tambayi kansa: daga ina mai ba da labarin yake leƙowa? Daga zauren fada yake leƙowa. A tarihin sarauta, mutanen duwatsu sukan bayyana ne a lokacin yaƙi, ko biyan haraji, ko kawo caffa. Laƙabin sarki na uku, Ibrahim Iyalai, wanda ya yi mulki daga 1877 zuwa 1902, ya wadatar a matsayin shaida: Dodon Gwari. Kirari ne na jarunta a kunnen bafade. Yadda wannan suna yake sauka a kunnen wanda aka yi wa dodon, wannan ba aikin marubucin fada ba ne ya faɗa, kuma har yau adabinmu bai samar da wanda ya ɗauki aikin ba.

Wannan kallo daga nesa ya sake dawowa da sabuwar riga a 1976. A ranar 3 ga Fabrairu ta wannan shekara, Janar Murtala Muhammed ya sanar da amincewa da shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ta kafa sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, a fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000. Ɗaya daga cikin hujjojin da aka bayar ita ce yankin ba ya hannun ko ɗaya daga cikin manyan ƙabilun ƙasar. Daga nan magana ta zame a bakin jama'a ta koma cewa daji ne da ba kowa. Alhali akwai Gbagyi, da Koro, da Gade, da Gwandara, da Bassa, da Ganagana, da gonakinsu na doya da dawa, da kaburburan kakanninsu. An kwashe mutanen Wuse zuwa Sabon Wuse a Jihar Neja. Mutanen ƙauyuka irin su Maitama da Kukwaba aka tsugunar da su a Kubwa, kafin gwamnati ta tare a birnin a ranar 12 ga Disamba, 1991. Ba da jimawa ba ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina suka cika Kubwa, har masu gidan suka zama 'yan tsiraru a wurin da aka ce an ware dominsu.

To, a nan ne ƙagaggun labaranmu na zamani suka fi ba da kunya. Duk mai bin littattafan soyayya da finafinan Hausa ya san cewa idan ana son nuna arziki, sai a kai tauraro Maitama ko Asokoro. Ga katafaren gida, ga maigadi, ga motoci a jere, ga Alhaji ya dawo daga Dubai. Sunan Maitama ya zama kwatancen daula, kamar yadda tsofaffin labarai ke ambaton birnin Masar ko Bagadaza. Marubucin yana amfani da sunan, bai tambayi ina masu sunan suke ba, alhali tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a mota daga wancan gida zuwa unguwar da aka ajiye su. Wannan rauni ne na fasaha kafin ya zama na ɗabi'a. Mai neman jigo mai nauyi ya tsallake dattijon da ke wuce tsohuwar gonarsa a motar haya, gonar da fegi ɗaya a cikinta ya fi ƙarfin abin da zuriyarsa za ta tara, ya tafi yana ƙirƙiro rikicin kishiyoyi karo na ɗari. Ko matar Gbagyi mai ɗaukar kaya a kafaɗa, wadda idan ta shigo labari sai don a nuna ƙauyanci, ba a taɓa barinta ta faɗi dalilinta ba, wato cewa kai shi ne sarkin jiki, bai kamata a ɗora masa kaya ba. Wannan falsafa ce, kuma ta isa a gina babi a kanta.

Wanda yake shakkar akwai fasaha a wannan al'umma, ya zaro takardar naira ashirin daga aljihunsa. A gabanta hoton Murtala ne. A bayanta akwai mace tana gina tukunya, ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali. Ta koyi ginin tukwane da hannu a gida, tana ƙawata randunanta da zanen kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara ayyukanta a fadarsa, a nan Baturen nan Michael Cardew ya gan su, kuma a 1954 ta zama mace ta farko da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya kafa a garin. An nuna aikinta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Sunanta ma, Ladi, na Hausa ne, alamar yadda zaman tare ya yi nisa. Wanda ya sanar da kafa birnin yana gaba, 'yar masu ƙasar tana baya, a takarda ɗaya: da wani mawaƙi ne ya tsara wannan hoto, da mun ce ya cika gwaninta.

Wasu ƙasashe sun fuskanci irin wannan. A Filifin, mutanen duwatsun arewa sun daɗe ana yi musu kallon abin nuni, har an kai wasunsu baje kolin Sent Luwis a Amurka a 1904 don mutane su yi kallo. Daga baya aka koma ana tattara adabinsu. Waƙar Hudhud ta mutanen Ifugao, wadda yawanci mata ke rerawa lokacin aikin shinkafa da zaman makoki, ta samu shiga jerin UNESCO a 2001, bayan ƙasar ta yi dokar kare haƙƙin 'yan asali a 1997. Masu nazari ne suka fara zama da tsofaffi suna rubutawa, kafin hukuma ta waiwayo.

Sassan Hausa na jami'o'inmu suna fitar da kundayen digiri masu yawa kowace shekara, kuma sau da yawa ana maimaita mawaƙi ɗaya da jigo ɗaya. Nazarin siffar Bagwari a karin magana da almara da fim fili ne a buɗe. Haka ma fassara tatsuniyoyi da waƙoƙin noma na Gbagyi zuwa Hausa, tare da ɗaliban da harshen yake na iyayensu, domin suna nan a azuzuwanmu. Waɗanda suka yi wayo a tsohuwar Maitama kafin sanarwar 1976 duk sun haura shekara hamsin yanzu, suna zaune a Kubwa, kuma da yawansu suna jin Hausa sarai.