Hidimar Gidan Yari: Tsarin Colson a Ma'aunin Ƙasarmu

A shekarar 1976 Charles Colson ya kafa ƙungiyar Prison Fellowship a Amurka, bayan shi kansa ya yi wata bakwai a kurkuku saboda badaƙalar Watergate. Tsarinta ya bazu har Nijeriya: wa'azin tuba ga ɗaurarre, nazarin Littafi Mai Tsarki a cikin gidan yari, da shirin Angel Tree mai kai wa 'ya'yan fursunoni kyautar Kirsimeti da sunan iyayensu. Tsarin ya cancanci yabo, gama ya tuna wa ikkilisiya cewa a Matta sura 25 Ubangiji ya lissafta kansa cikin ɗaurarru. Amma kafin mu ɗauke shi ɗungurungum zuwa Mairuwa, sai mun auna shi.

Na farko, wa'azin tuba ya fi dacewa da wanda kotu ta tabbatar masa da laifi. A gidajen yarin Nijeriya kuwa, kusan biyu cikin kowane uku jiran shari'a suke yi. Dokar 2019 ta sauya sunan zuwa gidajen gyaran hali, cunkoson dai yana nan. Faston da ya je gidan yarin Funtuwa ya ce da kowa ya tuba, bai tambayi wanda aka taɓa kai wa gaban alƙali ba, yana iya ɗora wa marar laifi nauyi a kan nauyi. Dole mai hidima ya san hanyar Legal Aid Council, wadda gwamnati ta kafa a 1976 don marasa kuɗin lauya, ya kuma nemo dattijon da zai tsaya beli.

Na biyu, kyautar Disamba tana faranta ran yaro, amma gidan manomi da damina yake karyewa. In an tsare maigida a watan Yuni, gona ta kwana, matarsa ta jinginar da ita, yara su bar makaranta. Gayyar matasan ikkilisiya, buhun taki, da hatsin zumuntar mata sun fi kusa da ciwon.

Na uku, a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa akwai ɗaurin da tsarin bai hango ba. A Disamba 2020 an kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara zuwa daji. Wanda ke hannun 'yan bindiga ba ya ziyartuwa, iyalinsa ne kaɗai a gabanmu, galibinsu kuma Musulmi maƙwabtanmu ne. Ibraniyawa 13:3 ba ta ware addinin ɗaurarre ba.

Saboda haka mu riƙe zuciyar tsarin, mu gyara hannunsa.

Don tattaunawa: wa zai noma gonar ɗaurarre a ikkilisiyarku bana? In an sako shi, a wane benci zai zauna ranar Lahadi?