Sharhin Fim: Ɗan jarida da sojan haya a cikin 'Under Fire'

Wasu finafinan yaƙi harbe-harbe suke sayar wa ɗan kallo, wasu kuma tambaya suke bar masa ya tafi gida da ita. 'Under Fire', wanda darakta Roger Spottiswoode ya fitar a 1983, yana cikin rukuni na biyu. Tambayar tasa kuwa mai nauyi ce: idan abokinka makashi ne, kai kuma sana'arka kallo da ɗaukar hoto, a ina shirunka yake zama laifi?

Labarin ya fara a ƙasar Chadi a 1979. Russell Price (Nick Nolte), mai ɗaukar hoton yaƙi, ya hau wata motar mayaƙa, sai ga tsohon saninsa Oates (Ed Harris), Ba'amurke sojan haya. Abin dariya, Oates ya zaci sojojin gwamnati yake tare da su, alhali kuwa 'yan tawaye ne. Price ne ya ankarar da shi. A nan daraktan ya gama bayyana mana halin mutumin: wanda bai san ɓangaren da yake wa yaƙi ba, bai kuma damu ya sani ba, muddin kuɗi na shiga.

Daga nan fim ɗin ya koma Nikaragwa, inda 'yan Sandinista ke ƙoƙarin kifar da Shugaba Anastasio Somoza. Can Price ya haɗu da amininsa Alex Grazier (Gene Hackman) da 'yar jaridar rediyo Claire (Joanna Cassidy), wadda take budurwar Alex kafin zuciyarta ta karkata ga Price. Can kuma ya sake cin karo da Oates, wannan karon yana aiki wa gwamnati.

Fitowar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ta hasumiyar coci. Wani matashin ɗan tawaye, Pedro, ya jefa gurneti cikin hasumiyar da sojoji suke harbi daga ciki. Price ya hau ya ɗauki hoton gawarwaki, sai ya tarar da Oates da ransa a tsakaninsu. Ya sauko bai gaya wa kowa ba. Bayan ɗan lokaci Oates ya harbe Pedro ta baya. To, mai karatu, me za a kira wannan? Price zai ce shi ɗan jarida ne, ba ya da ɓangare. Amma da gaske aikin jarida ne ya rufe masa baki, ko kuwa sanayya ce? Fim ɗin bai yanke hukunci ba, ya dai bar fuskar Nolte ta yi bayani, kuma ta yi.

Irin wannan abota ba baƙuwa ba ce a fagen daga. Ɗan jarida da sojan haya dukkansu baƙi ne a yaƙin wasu, otel ɗaya suke kwana, yare ɗaya suke yi, kuma dukkansu daga bala'in nan suke cin abinci. Kowa na iya ceton ran ɗan'uwansa gobe. Marubutan fim ɗin, Ron Shelton da Clayton Frohman, sun fahimci haka, shi ya sa ba su mai da Oates dodo ba. Fara'a gare shi, ga barkwanci, duk inda ya ga Price sai ya yi masa maraba kamar ɗan unguwarsu. Wannan fara'ar ce ta sa ya fi ba da tsoro.

Bayan shirun da ya jawo mutuwar Pedro, sai Price ya faɗa ɗaya gefen. 'Yan tawaye suka roƙe shi ya ɗauki hoton gawar shugabansu Rafael, wanda marubuta ne suka ƙirƙire shi, a nuna kamar yana raye, don kada gwiwar mayaƙa ta yi sanyi. Ya amince. Ƙaryar ta yi aiki, amma ta zo da kuɗinta. Alex ya dawo daga New York yana neman hira da mutumin da ya riga ya mutu, saboda ya yarda da hoton abokinsa. Wani ɗan leƙen asiri Bafaranshe, Jazy (Jean-Louis Trintignant), ya yi amfani da hotunan da Price ya ɗauka a sansanin 'yan tawaye aka riƙa bin mutane ana kashewa, Oates na cikin masu aikin. Wato kyamarar da mai ita yake ganin ba ta cutar da kowa ta zama jerin sunayen waɗanda za a hallaka.

Kisan Alex a shingen sojoji, Price na ɗauka daga nesa, ya samo tushe ne daga abin da ya faru da gaske. A ranar 20 ga Yuni, 1979, wani sojan Somoza ya harbe wakilin gidan talabijin na ABC, Bill Stewart, a Managuwa, aka kuma kashe tafintansa Juan Espinoza. Abokan aikinsa sun ɗauki kisan, aka nuna wa Amurkawa. Ranar 17 ga Yuli Somoza ya gudu. Abin yabo, fim ɗin ya sa wata mata 'yar ƙasar ta tuna wa Claire cewa dubban 'yan Nikaragwa sun mutu duniya ba ta motsa ba, sai da aka kashe Ba'amurke ɗaya.

Kash! Sai dai fim ɗin da kansa bai kuɓuta daga wannan zargi ba. Dubi yadda ya yi da Chadi: giwaye, ƙura, da mayaƙa marasa suna. A shekarar nan ta 1979 aka gwabza a N'Djamena, aka zauna taron sulhu a Kano a watan Maris, Felix Malloum ya sauka daga mulki, ga Goukouni Oueddei da Hissene Habre kowa da rundunarsa. Ko ɗaya ba ka ji a fim ɗin. An mai da yaƙin mutane wurin gabatar da jarumai Turawa. Haka kuma soyayyar Price da Claire ta ci lokacin da ya kamata a bai wa irin su Pedro. Mafi muni, ƙaryar hoton Rafael ta ƙare da nasara, har ɗan kallo zai iya fita yana ganin ƙarya halal ce ga ɗan jarida in dai yana ganin ɓangarensa ke da gaskiya. Gobe wani mai goyon bayan azzalumi ma haka zai ce.

Ta fuskar aiki kuwa babu ƙorafi. A Mekziko aka ɗauki fim ɗin, John Alcott ya riƙe kyamara, kuma dabarar tsayar da hoto cak duk lokacin da Price ya danna tasa tana sa mu gani da idonsa. Kiɗan Jerry Goldsmith har takarar Oscar ya shiga.

A ƙarshe, ranar da jama'a ke murnar faɗuwar Somoza, ga Oates nan cikin taron da abin sha a hannu, yana shirin tafiya yaƙi na gaba. Price ya san abin da ya aikata, ya kuma sake barin sa ya wuce. Duk mai son sanin yadda ake rubuta mugu ba tare da zare ido da ihu ba, ya nemi fim ɗin nan ya zuba wa Ed Harris ido.