Jinjina ga Masu Share Injin Zarto a Apo

A Apo sunan makanikai ya fi fita, amma akwai waɗanda suka cancanci yabo a rumfunan kafintoci: yaran shago masu share injin zarto bayan an tashi aiki. A ganina rabin kyan kowace kujera nasu ne.

Zarton injin nan siririn ƙarfe ne mai haƙora, yana zagaya ƙafafu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Dusar katako da ƙaro kan manne a robar ƙafafun. In aka ƙyale su sai zarto ya goce, yanka ya karkace, madaci ko malainar da aka sayo da tsada daga kasuwar Dei-Dei ta tafi a banza.

Shi ya sa yaro kan cire wuta tukuna, ya buɗe murfi, ya bi lungu-lungu da burushi, ya goge haƙoran da tsumma mai ɗan kalanzir, yana duba ko ƙarfen ya fara tsagewa, domin zarto in ya tsinke yana gudu, yatsu ne a gaba. Sannan ya sassauta shi kafin ya kulle shago. Da damina kuwa sai ya shafe teburin da mai, saboda tsatsa.

Sannunku da aiki, samari. Allah ya tsare hannuwanku.