Tsakanin Cida da Aradu: Sharhi a kan Fassarar Kalmar "Thunderous"

Akwai wata sifa ta Ingilishi, "thunderous", wadda ta daɗe tana kayar da masu fassarar labaru, ko da yake yawancinsu ba su san sun faɗi ba. An gina ta ne daga sunan da Turawa ke kiran ƙarar hadari da shi, kuma tana bakinsu tun ƙarni na 16. Suna siffanta tafin taro da ita, da muryar mai jawabi, da sukuwar dawaki, da zubowar ruwa daga kan dutse, da tashin igwa, har ma da fuskar mutumin da ya murtuke ko da bai ce uffan ba. Abin da ya haɗa yawancin waɗannan shi ne amo mai nauyi, mai daɗewa, wanda ke cika wuri. Babu maganar kisa a cikinta, domin a wurin Bature ƙarar hadari ba ta kashe kowa. Walƙiya ce ke faɗowa ta kashe.

Idan kalmar ta zo gaban mai fassara a gidan rediyo ko a jarida, hanya biyu yakan bi. Ko dai ya ce "ƙara mai ƙarfin gaske", ko kuwa ya buɗe ƙamus, ya ga aradu, ya ce "kamar aradu". Ta farko ba ta gaya wa mai sauraro kome ba. Ta biyu kuwa ta gaya masa abin da ba a nufa ba, kuma ita ce ta fi ɓarna.

Dalili shi ne Bahaushe bai tara ƙarar sama a kalma ɗaya ba. Akwai cida, watau rugugin nan da ake jiyowa daga nesa, ƙasa-ƙasa, lokacin da hadari ke haɗuwa. Manomi yakan ji cida ya ɗaga kai da murna, musamman a farkon damina. Akwai tsawa, ƙarar da ke tsage kunne farat ɗaya, a bisa kai. Sannan akwai aradu, ko kwarankwatsa, wadda ba a tsaya ga jinta ba, faɗowa take yi ta tsaga itace, ta ƙone ɗaki, ta kashe mutum ko dabba. A baki akan sassauta, a ce tsawa ta faɗa wa wane, amma ba wanda zai ce cida ta faɗa wa wani. Tun a 1934 ƙamusun Bargery ya kawo waɗannan kalmomi kowace a gurbinta.

Wannan rabe-rabe ba son yawan kalmomi ba ne, kunne ne ya lura da abin da ilmin kimiyya ya tabbatar. Haske yana isowa nan take, amo kuwa yana cin kimanin mita 340 ne a daƙiƙa ɗaya, watau wajen kilomita 1 a daƙiƙa 3. A kan hanya iska takan cinye siririn ɓangaren amon, ta bar mai kaurin, shi ya sa abin da ya zama tsawa ga na kusa yake isa ga na nesa a matsayin cida. Ke nan kalmomin suna ɗauke da labarin nisa. Wanda ya ce cida ya ce akwai sauran lokaci. Wanda ya ce tsawa ya ce abin ya iso.

Aradu kuwa nauyinta ya wuce na amo. Asalinta Larabci ne, kuma sura ta 13 a Alƙur'ani mai girma da wannan suna ake kiranta. Da ita ake rantsuwa, kuma wanda ya ce "aradu" ko "kwarankwatsa" a tsakiyar gardama ya miƙa wuyansa ne ga hukunci in ƙarya yake yi. Akwai ma ɗan dutsen nan mai baki kamar na gatari da akan tsinta a gona, wanda mutanen da suka kira gatarin aradu, suka gaskata daga sama ya faɗo, alhali masu binciken kayan tarihi sun nuna makami ne na mutanen zamanin dutse. To, a dubi wannan jimla, irin wadda kunne ya saba ji:

(1) Jama'a sun tarbi gwamna da tafi kamar aradu.

Bature yabo ya nufa. Bahaushen da ya san harshensa kuwa abin da aka zana masa shi ne taron da bala'i ya faɗa wa. Da mai fassara ya saki ƙamus ya tuna yadda ake ba da labarin taro a zaure, da sai ya ce:

(2) Da gwamna ya shigo, wuri ya kaure da tafi raf-raf, aka ɗauki sowa.

Abin lura a nan shi ne babu sifa ko ɗaya a jimla ta biyu. Ingilishi yakan ɗora ƙarfin amo a kan sifa, Hausa kuwa a kan aikatau da amsa-kama take ɗora shi. Wuri yakan kaure, daji yakan ɗauka, ƙasa takan girgiza, abu yakan faɗi rim ko ya fashe tau. Ƙamusun Turanci da Hausa, ko na Skinner na 1965 ko na Roxana Ma Newman na 1990, aikinsa ya ba da kalma a madadin kalma, ba a kuwa zarge shi a kan haka ba. Sake ginin jimla aikin mai fassara ne. Haka nan fuskar da Bature ya siffanta da wannan kalma, Bahaushe ba ya neman amo a cikinta sam. Cewa yake yi mutum ya haɗe girar sama da ta ƙasa, ko fuskarsa ta yi kamar hadarin gabas.

Da a ce ɓarnar ta tsaya ga tafin 'yan siyasa, da ba ta cancanci tawada ba. Inda ta zama abin damuwa shi ne labarun da suka riƙa fitowa daga ƙasar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna, inda dajin Kamuku mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 1,000 ya zama mafakar 'yan bindiga. A Oktoban 2012 an kai hari Dogon Dawa da asuba, aka kashe kimanin mutum 20. A Mayun 2018 aka afka wa Gwaska, aka kashe fiye da 40. Irin waɗannan labaru sau da yawa da Hausa shaidu ke ba da su, wakili ya rubuta da Ingilishi, sannan wani a ɗakin labaru ya sake juyo su Hausa. A wannan tafiya da dawowa ne kalmar da shaida ya zaɓa take ɓacewa, ta dawo a matsayin "ƙara mai ƙarfi".

Mutumin Kusasu da ire-irensa na ƙauyukan bakin daji ba ya faɗin "ƙara mai ƙarfi", domin kunnensa ne mai gadinsa. Idan ya ce ya jiyo rugugin babura, ya faɗi abu uku a kalma ɗaya: suna da yawa, suna nesa tukuna, kuma suna tafe. Wannan ita ce cidar ƙasa, kuma tsakaninta da tsawa ne ake kwashe yara da mata a shiga da su cikin dawa. Ya san bambancin adaka, wadda ke tashi dum sau ɗaya ta yi shiru har a sake ɗura ta, da bindigar zamani mai ɓari ba ƙaƙƙautawa. Ta farko takan nuna mafarauci ko ɗan sa-kai ne, ta biyu kuwa ba ta bukatar tambaya. Ya san kuwwa, wadda kira ce daga nesa, da kururuwa, wadda neman agaji ce. Mai fassarar da ya murƙushe waɗannan duka a jimla guda ya shafe shaidar da ke nuna ko mutane sun sami gargaɗi, da tsawon lokacin da aka yi ana jin maharan kafin su iso. Tambayar ko an iya kawo ɗauki a kan wannan lokacin take rataye.

A irin wannan labari ne kaɗai aradu ke da gurbi, shi ma ba koyaushe ba. Bam da ya faɗo daga jirgin yaƙi ya cika sharuɗɗanta: daga sama, farat ɗaya, da wuta, da mutuwa. Amma rurin jirgin kafin ya saki kome ba aradu ba ne, kuma wanda ya riga ya kashe kalmar a kan tafi da gangar biki ba shi da abin da zai kira bam da shi.

Ita kanta kalmar ƙara, da ake fakewa a bayanta, ba ta tsira ba. Amo ce, kuma ita ce kukan da talaka ke kaiwa gaban alƙali ko hakimi. Jaridun da ke yar da lanƙwasar harafi kuwa sun mayar da ita "kara", har ba a rabe ta da kara, kasuwar dabbobi. A ƙarshen Nuwamban 2024, bayan sulhun da Gwamna Uba Sani ya jagoranta, aka sake buɗe karar Birnin Gwari wadda ta yi shekaru a rufe. Mai rubutun Ingilishi yana iya jawo sifar nan tasa ya siffanta amon wannan rana. A Hausa kuwa abin da za a ce shi ne kara ta ci, shanu na kuka, dillalai na ciniki, ba mai jin maganar wani.