Farans Hals: mai zanen da bai yi wa fuska ƙarya ba

Kafin a ƙago na'urar ɗaukar hoto, wanda ke son jikokinsa su san kamanninsa sai ya nemi mai zane, ya zauna gabansa, ya biya. To, a nan gizo ke saƙa: wanda ya biya so yake a ƙawata shi. Shin mai zane zai nuna abin da ya gani, ko zai zama maroƙin mai kuɗi?

Farans Hals, mutumin ƙasar Holand, ya amsa wannan tambaya da aikinsa. An haife shi a Antuwerp wajen 1582, iyayensa suka yi ƙaura zuwa garin Harlem, can ya zauna har mutuwarsa a 1666. Sunansa ya fito a 1616, da ya zana hafsoshin dogaran gari suna walima. Masu zanen da suka gabace shi sukan jera mutane kamar turaku. Shi ko, ga wani yana yankan nama, ga wani ya juyo kamar an kira shi.

Hannunsa na da sauri. In ka matsa kusa da zanensa, sai ka ga shafe-shafen fenti barkatai. In ka ja da baya, sai ga mutum kamar zai yi magana. Wannan ya sa wasu suka ce aikinsa bai ƙare ba, kuma bayan ya mutu aka yi kusan shekara 200 zanensa na arha, sai a ƙarni na 19 masu zanen Faransa irin su Mane suka gane darajarsa.

Amma aikin da ya fi jawo gardama shi ne na tsufansa. Talauci ya kama shi: an ƙwace katifunsa da tebur da zane biyar saboda bashin mai burodi. A 1664 hukumar gari ta yanka masa fulorin 200 kowace shekara. Wajen lokacin ne, ya haura shekara 80, ya zana matan da ke shugabancin gidan tsofaffin gajiyayyu na Harlem. Mata biyar cikin baƙaƙen tufafi, fuskoki a bushe, hannuwa duk jijiya. Wasu sun ce ramuwar gayya ce: matalauci ya samu masu ba da sadaka a gabansa, ya tona musu asiri.

Ni ban yarda ba. Da farko, Hals bai taɓa zama a gidan nan ba, balle ya riƙe su a zuciya. Na biyu, mai ƙiyayya fuska ɗaya yake ba maƙiyansa duka. Nan ko kowace da halinta: wata ta tsare ka da ido, wata ta gaji, wata kamar tausayi ya kusa rinjayarta. Tsoho ne ya dubi tsofaffi ƴan'uwansa, bai rage musu shekaru ba, bai ƙara musu muni ba.

Gidan gajiyayyun nan, tun 1913 ya zama gidan adana zane-zane mai sunan Farans Hals, kuma matan biyar na rataye a ciki. Da ya yi musu kwalliyar ƙarya, da tuni an manta da su.